HUTUN JAKI DA KAYA A KA: KIRA GA DATTAWA KAFIN A TSARA KALANDAR SHEKARA



Idan kaka ta yi, aka fara kai amfanin gona gida, lokaci ya yi ke nan da majalisun dattawa za su zauna su tsara kalandar shekara mai zuwa. Sakatare zai buɗe littafi, shugabannin ƙungiyoyi kuwa kowa ya zo da takardarsa a hannu. Zumuntar mata tana son makonta, zumuntar maza tana son nata, matasa suna son sansani da gasar Littafi Mai Tsarki, mawaƙa suna son ranar waƙa, 'yan Birged suna son fareti, kwamitin gini yana son gidauniya sau biyu. Gunduma kuma ta riga ta aiko da nata ranakun, waɗanda ba mai ikon taɓawa. Kafin a yi addu'ar rufewa an raba makonni 52 kaf, har wasu suna ƙorafin an hana su. Roƙonmu a wannan shafi shi ne, bana a sami dattijo ko ɗaya da zai ɗaga hannu a wurin zaman ya tambaya: to, yaushe jama'ar nan za su huta?

Mu dubi mako guda a yawancin ikkilisiyoyinmu. Litinin kwamiti, Talata zumuntar mata, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Jumma'a nazarin Littafi ko kwanan addu'a, Asabar sharar majami'a da ɗaurin aure, in ba a yi rasuwa ba. A manyan ikkilisiyoyin birni ana iya raba waɗannan a kan mutane da yawa. Amma mu da muke tsiraru a garuruwanmu, fuskokin da za ka gani ran Litinin su ne za ka gani ran Asabar. Mai rera waƙa ita ce malamar makarantar Lahadi, ita ce ma'ajin zumunta, ita ce kuma za ta dafa wa baƙon mai wa'azi abinci.

Sa'an nan ga Lahadin kanta. Uwar gida ta tashi tun asuba ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta yi wa yara wanka, ta nemo takalmin da ya ɓace. Ta shiga sujada ƙarfe tara, ba ta fita ba sai rana ta take, domin sanarwa ta fi wa'azi tsawo, an kuma yi baiko kashi uku. Daga ƙofar majami'a sai taron ƙungiyar 'yan garinsu, daga nan sai gaisuwar haihuwa ko ta rashin lafiya, ta koma gida ta ɗora tukunya, ƙararrawar sujadar yamma ta buga. Ran Litinin ta fita kasuwa ko gona da gajiyar da ta fi ta ran Asabar. Wannan shi Bahaushe ke kira hutun jaki da kaya a ka. An tsayar da shi a inuwa, amma ba wanda ya sauke masa mangala.

Ba mu ce ko ɗaya daga cikin ayyukan nan mugu ne ba. Kowannensu da dalili mai kyau aka fara shi. Matsalar ita ce, ana ƙara sabo kowace shekara, ba a taɓa binne tsoho.

Dokar hutu ta cikin Dokoki Goma ta zo sau biyu cikin Attaura, kowace da dalilinta. A Fitowa 20:8-11 an ɗaura ta a kan halitta: Allah ya yi aiki kwana shida, ya dakata a na bakwai. A Maimaitawar Shari'a 5:12-15 kuwa an ɗaura ta a kan bautar Masar. Musa ya tuna wa jama'a cewa sun taɓa zama bayi a hannun mai gida wanda bai san ranar hutu ba, don haka kada su zama wa wani irin wannan mai gida. Ku karanta ayoyin a hankali ku ga wa ake yi wa magana. Da mai gida ake, wanda ke da iko a kan lokacin wasu. An lissafa masa ɗansa da 'yarsa, baransa da baranyarsa, sansa da jakinsa, har da baƙon da ke zaune a garinsa. Fitowa 23:12 ma ta fito da manufar a fili, cewa dabbar aiki da ɗan baiwa da baƙo su sami numfasawa. Wato hutu abu ne da mai iko yake bin bashinsa ga waɗanda ke ƙarƙashinsa. Bawa ba ya iya ba kansa hutu, sai an ba shi.

To, a ikkilisiya wa ke da iko a kan lokacin mutane? Waɗanda ke riƙe da kalanda. Idan majalisa ta sa taro, mai bi na kirki zai zo ko yana jan ƙafa, domin yana jin kunyar a ce ya yi sanyi. Shi ya sa muka ce maganar nan ta dattawa ce kafin ta zama ta kowa.

Mun san abin da wasu za su ce, musamman waɗanda suka yi ɗan karatun tauhidi: ai mu ba a ƙarƙashin Shari'a muke ba. Gaskiya ne. Manzo Bulus ya hana a yanke wa mai bi hukunci a kan ranaku (Kolosiyawa 2:16-17, Romawa 14:5-6), kuma Lahadi ba Asabar ɗin Yahudawa ba ce da aka matsar gaba da kwana ɗaya. Ranar tashin Ubangiji ce. Masu bi na farko ma ba su da ita a matsayin ranar hutu. Wajen shekara ta 112, Filini gwamnan Bitiniya ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristoci sukan taru a wata ƙayyadaddiyar rana tun gari bai waye ba. Dalilin a fili yake: da yawansu bayi ne da 'yan ƙwadago, aiki yana jiransu da hantsi. Sai a shekara ta 321 Sarki Konstantin ya kafa doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ran Lahadi, amma ya bar manoma su yi aikinsu, domin shuka ba ta jiran kowa. Daga baya cikin ƙarnin nan na huɗu, taron shugabannin ikkilisiya a Lawudikiya ya ce masu bi su huta ran Lahadi in suna da hali.

Wannan tarihi ya dace da mu ƙwarai. Akwai 'yan'uwanmu da kasuwar garinsu ran Lahadi take ci, in ba su kai kayan miya ba ran nan, ba cefane har mako ya zagayo. Akwai yaranmu masu koyon kanikanci ko ɗinki a hannun maigidan da ranar hutunsa Jumma'a ce. Akwai masu gadi, da ma'aikatan jinya, da direbobi. Ba daidai ba ne a tsaya a bagade a yi ta zaginsu kamar su suka zaɓi haka. Su ne suka fi kama da masu bi na zamanin Filini, mu masu albashin wata ne muka yi nisa da su. Ikkilisiyar da ta san mutanenta za ta iya yi musu gajeruwar sujada da sassafe ko da yamma, ta sallame su da albarka.

Amma 'yanci daga Shari'a bai canja jikin da Allah ya halitta ba. Kafin a ba da doka a Dutsen Sina'i an riga an koya wa jama'a hutu ta wurin manna (Fitowa 16): wanda ya ajiye saura har safe ta yi masa tsutsa, wanda ya fita nema ran bakwai ya dawo hannu wofi. Yesu da kansa, sa'ad da Farisiyawa suka mai da ranar hutu kaya mai nauyi, bai soke ta ba, ya mayar da ita ga manufarta, wato amfanin ɗan Adam (Markus 2:23-28). Idan alheri ya sa mun fi Yahudawan dā wahalar da mutanenmu, lalle akwai abin da ba a fahimta ba game da alheri.

Akwai wata magana da ta zama kamar aya a bakin masu himma: wai Shaiɗan ba ya hutu, don me mu za mu huta? Tun yaushe Shaiɗan ya zama gurbin da muke bi? Wanda ba ya gyangyaɗi, ba ya barci, a Zabura 121 Ubangiji ne, kuma saboda shi ba ya barci ne mu muke iya yin namu. Mutumin da ya ƙi kwanciya domin yana ganin in ya rufe ido aikin Allah zai rushe, ya ɗauki wa kansa kujerar da ba tasa ba.

Ku duba yadda Allah ya bi da Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, kashegari saƙon mace guda ya kore shi zuwa jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Da a ikkilisiyarmu ne, da an sa masa azumin kwana uku, an kira taron farkawa dominsa. Allah kuwa ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi waina da ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa aka sake ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb Allah ya yi masa magana a kan damuwarsa, kuma ba cikin iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin murya marar ƙarfi. Daga nan ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha. Barci, abinci, shiru, sa'an nan abokin aiki. Mu da muka daɗe a aikin kiwo mun ga mutane da yawa da aka ɗauka bangaskiyarsu ce ta yi sanyi, ashe gajiya ce ta yi musu katutu.

Likitoci ma sun tabbatar da abin da jiki ya daɗe yana gaya mana. A shekara ta 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun kiyasta cewa dogon aiki ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a duniya cikin shekara ta 2016 kaɗai. Dattawa, ku ɗauki alƙalami ku ƙirga awannin mai bishararku na ƙauye: gonarsa, wa'azinsa a ƙauyuka uku a kan keke ko tsohon babur, sasanta ma'aurata da tsakar dare, kai marar lafiya asibiti, zaman makoki. Ku ga ko bai wuce 55 ba tun ran Alhamis. Idan hawan jini ya kayar da shi sai a ce aikin magabci ne, a tara kuɗin asibitin da ya ninka kuɗin da zai ishe shi hutu sau goma.

A nan dole mu yi magana a kan hutun masu hidima, ko da yake mun san wani zai ce fasto yana yi wa kansa kamfe ne. To, a ce haka ɗin, maganar dai ba ta fasa zama gaskiya.

'Yan mishan da suka kawo mana bishara sun san tsadar jiki. Mutum uku na farko na mishan ɗin SIM sun sauka Legas a ƙarshen 1893. Kafin shekara ta zagayo, Walter Gowans da Thomas Kent sun rasu, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Waɗanda suka biyo bayansu sun gina gidan hutu a Miango, kusa da Jos a ƙasar Irigwe, fiye da shekara 100 da suka wuce, inda ma'aikatansu ke zuwa su sha iskar tudu su sami ƙarfi. Gidan yana nan har yau. Bayan 'yan shekaru na aiki kuma akan mayar da kowa ƙasarsa ya yi dogon hutu. Ba wanda ya ce da su ragwaye. Daga hannunsu muka gaji littafin waƙoƙi, da makarantar Lahadi, da tsarin majalisa, har da kwat da lakatai a tsakiyar zafin Afrilu. Abin da bai gangaro zuwa ga masu bishara 'yan ƙasa ba shi ne tsarin hutun. Su aka bari da imanin cewa hutun bawan Allah sai a sama.

Yawancin ɗarikunmu suna da hutun shekara a rubuce cikin ƙa'idojin aikin fasto. Takarda ba ta da laifi. Abin da ke faruwa shi ne, an ba shi wata guda, ba a ba shi ko sisi ba, gidansa kuma yana cikin harabar majami'a. Ina zai je? Sai ya zauna a gida, ana ƙwanƙwasa ƙofa ana cewa, "Baba, mun san kana hutu, amma 'yar magana ce." Wayarsa ba ta daina kuka. Wani kuma yana tsoron tafiya ne domin kada ya dawo ya tarar an rubuta wa gunduma takarda a kansa. Dokar Ƙwadago ta ƙasarmu, wadda aka kafa a 1974, ta ba ma'aikaci awa 24 a jere na hutu cikin kowane kwana bakwai, da aƙalla kwanakin aiki shida na hutun shekara tare da albashi bayan ya yi wata 12 yana aiki. Wannan mafi ƙanƙanta ke nan da gwamnati ta nema daga mai masana'anta. Abin kunya ne a ce mai gadin majami'a, da mai shara, da malaman makarantar ikkilisiya ba su samun abin da doka ta tilasta wa wanda bai san Allah ba ya bayar.

Matar fasto kuwa, wadda kowa ke kira Mama, ba ta cikin takardar ɗaukar aiki, don haka ba ta cikin takardar hutu. Duk baƙon gunduma a tukunyarta yake sauka. 'Ya'yansu sun girma suna ganin mahaifinsu yana da lokacin kowa ban da nasu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'ad da ɗan fasto ya juya wa ikkilisiya baya, mutanen da suka cinye lokacin ubansa su ne na farko wajen cewa bai iya riƙon gida ba.

Yetro surukin Musa ya ga irin wannan tun dā. Ya ga Musa zaune daga safe har yamma, jama'a tsaye kewaye da shi, ya gaya masa kai tsaye cewa shi da jama'ar duka za su ƙare da gajiya (Fitowa 18). Maganin da ya bayar shi ne a raba aiki ga amintattun mutane. Hutun fasto alheri ne ga ikkilisiya ta wannan fuska: a watan da ba ya nan ne za a gane ko akwai dattawa na gaske, ko kuwa masu zama a kujerar gaba ne kawai.

Mu zo ga watan Disamba. Gwamnati ta ba da ranar Kirsimeti da kashegarinta da ranar sabuwar shekara, makarantu sun rufe, girbi ya shiga rumbu. Da ganin wannan sai ka ce ga lokacin hutu ya zo. Amma kowa ya ajiye aurensa sai Disamba, ƙungiyoyin ci gaban gari sun sa taronsu, ga baikon godiya, ga waƙoƙin Kirsimeti gida gida, ga wasan kwaikwayo, ga kwanan addu'a na 31 ga wata. Kowane biki da ankonsa. Kuɗin mota ya hau, tun ma ba bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ba. Mai gida ya ci bashi ya sayi shinkafa da kaji da kayan yara, Janairu ta zo da kuɗin makaranta, sai ya shiga sabuwar shekara yana ɓuya wa masu binsa. An yi biki, ba a huta ba.

Ba mu ƙi biki ba. Allahnmu mai son biki ne. Sau uku a shekara ya umarci Isra'ila su bar gona su taru su yi murna (Maimaitawar Shari'a 16), idin bukkoki ma kwana bakwai cur ake yi bayan an gama tattara amfanin masussuka da wurin matsar inabi. Amma ku lura da waɗanda aka ce su shiga murnar: bara da baranya, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. A zamanin Nehemiya, ran da aka karanta Attaura jama'a suka fashe da kuka, shugabanni suka ce su je su ci mai daɗi su sha zaƙi, su kuma aika wa wanda ba shi da komai (Nehemiya 8:9-12). A gidajenmu fa? Yarinyar da muka ɗauko daga ƙauye tana taya mu aiki, ran Kirsimeti ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. 'Ya'yan gida suna yawon gaisuwa da sababbin kaya, ita tana bakin murhu da wanke-wanke. Sau nawa aka bar ta ta je ta ga uwarta? Mutum zai iya ba da ushirinsa daidai, ya yi waƙa da ƙarfi ran Lahadi, alhali a gidansa shi ne Fir'aunan yarinyar nan. Wannan ba ya bukatar zaman majalisa, mai gida da uwar gida ne za su gyara shi a daren yau.

Kada kuma mu manta da 'yan'uwan da bikin ya zama musu lokacin fargaba. A jajibirin Kirsimeti na 2023 an kai hari ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a Jihar Filato, aka kashe mutane fiye da 100. Akwai ikkilisiyoyin da samarinsu ke kwana a waje suna gadi tun daga farkon Disamba, akwai iyalan da ke zaune a azuzuwan makaranta ko gidan dangi shekara da shekaru. Gaya wa irin waɗannan su huta ba tare da an yi komai ba, kamar yi musu ba'a ne. Ikkilisiyar da ke zaune lafiya za ta iya ɗauko fastonsu da iyalinsa su yi mako biyu a wurinta, su ci su yi barci ba tare da kunne a waje ba. Ɗaki guda da tuwo ne kawai kuɗinsa. Kuma kada a ce tun da ya zo sai ya yi mana wa'azin farkawa na kwana uku.

Ga batun farkawar ma. A wurare da yawa an ɗauka sabuntawar ruhu tana nufin a ƙara taro, a ɗauko mai wa'azi daga nesa, a yi hayar janareta da manyan lasifika, a kwana ana ihu har maƙwabta su ƙosa da mu. Muna gode wa Allah domin rayukan da suka tuba a irin waɗannan tarurruka. Amma kowane manomi a cikinmu ya san gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ko an zuba mata taki sai ta gaji. Iyayenmu sukan bar ta saura ta yi shekara biyu ko uku. Littafin Firistoci 25 ya sa wannan ya zama doka, ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, kuma 2 Tarihi 36:21 ya nuna cewa da jama'a suka tafi bauta Babila, ƙasar ta karɓi hutun da aka hana ta. Zuciya ma haka take. Mutumin da ya ji wa'azi biyar a mako, yaushe ya zauna ya tauna ko ɗaya?

Manyanmu da suka ga farkon Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960 suna iya ba da shaida cewa ƙarfin aikin yana cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne, mutum kaɗan a zaure ko tsakar gida, kafin a fita wa'azi. Kusa kusa kuma, a 2020 da annobar korona ta sa aka rufe majami'u na wasu watanni, ba mu ji daɗi ba, baiko ya ragu, masu hidima da yawa sun sha wuya. Duk da haka a gidaje da dama ran nan ne yara suka fara jin mahaifinsu ya buɗe Littafi ya bayyana musu da bakinsa. Da aka buɗe ƙofofi sai kalanda ta dawo da ƙarfinta, sujadar iyali ta koma inda ta fito. Luka ya gaya mana cewa a daidai lokacin da sunan Yesu ya fi bazuwa, taro ya fi yawa, a lokacin ne yakan janye zuwa wuraren da ba kowa ya yi addu'a (Luka 5:15-16). Maƙwabtanmu ma, makarantun allo tun kaka da kakanni suna tashi ran Alhamis da Jumma'a, malam da almajiri kowa ya sarara.

Akwai tsoro biyu da dattawa ke da su, kuma ba za mu raina su ba. Na farko, in an bar maraice ba taro, matasa za su tafi gidan kallon ƙwallo ko su nutse cikin waya. Wannan yana iya faruwa. Amma yaron da taro ne kaɗai ke tsare shi, ran da ya tafi jami'a ko bautar ƙasa wa zai tsare shi? Gara a koya masa tun yana gabanmu yadda mai bi ke amfani da lokacin da ba kowa ke kallonsa ba. Hutu ba zaman kashe wando ba ne, Bulus ya riga ya tsawata wa masu ƙin aiki a 2 Tasalonikawa 3. Ziyarar kaka, cin abinci tare a tire ɗaya, barcin rana, karatun sura guda a natse, duk abubuwa ne da sai an koya. Na biyu, wanda ba a cika faɗa a fili ba, kowane taro yana da kwanon baiko, in an rage taro an rage kuɗi. Wannan ma gaskiya ne, wataƙila ginin zai ƙara shekara guda kafin a rufa shi. Sai majalisa ta zaɓa da idonta a buɗe, ta kuma tuna da abin da Amos ya faɗa wa 'yan kasuwar da suka ƙagu ranar hutu ta wuce su buɗe buhunan hatsi (Amos 8:4-6).

Ba kuma muna cewa a kafa wata sabuwar doka mai tsauri ba. A Markus 6 Yesu ya ga almajiransa ko sukunin cin abinci ba su da shi, ya ɗauke su a jirgi zuwa wurin da ba kowa. Taro ya riga su isa. Ya ji tausayinsu, ya koya musu, ya ciyar da su. Mai naƙuda da mai mutuwa ba sa duba kalanda, makiyayi na gaske zai tashi. Amma karatun bai tsaya nan ba: da maraice ya sallami taron, ya tura almajirai gaba, ya hau dutse shi kaɗai. Larura ta jinkirta hutun, ba ta soke shi ba. Taron kwamitin fenti ba larura ba ne.

Saboda haka ga abin da muke ba majalisu shawara, kowace ta auna da halin garinta. Kafin a ba kowace ƙungiya rana, a fara cire ranakun da ba wanda zai taɓa, kamar yadda ake cire ushiri kafin a fara kashe kuɗi. Maraice biyu a mako a bar wa iyali. Yammacin Lahadi, ko da sau biyu a wata ne, kada a sa taro ko wane iri, har da na ƙungiyoyin gari da ke aron majami'a. Duk ƙungiyar da ta kawo sabon shiri ta faɗi tsohon da za ta ajiye. A duba watan Agusta da idon manomi, a duba Janairu da idon mai biyan kuɗin makaranta, a sauƙaƙa. Sanarwar da za a iya mannawa a allo ko a tura ta WhatsApp kada ta ci rabin awa a sujada. Zumuntar mata kuma a tambaye su da gaske, ba a gaban taro ba, wane aiki ne ya fi gajiyar da su. Amsar za ta ba dattawa mamaki.

Hutun fasto da na mai bishara a sa shi cikin kasafin kuɗi da layinsa na kansa, kuɗin mota na shi da iyalinsa zuwa da dawowa, ko da garinsu kawai za su je. Ikkilisiyar da ba ta iya wannan ita kaɗai, gunduma ta haɗa ta da wata su yi karo-karo, bana wannan ya tafi, baɗi wancan. A sanar wa jama'a wanda za su nema in larura ta taso, a ba su lambar dattijon, a bar wayar Baba ta yi shiru. Wa'azin Lahadi huɗun da ba ya nan kuwa, a rubuta sunayen dattawan da za su yi tun a zaman nan na kalanda, a manna a allon sanarwa tare da sauran ranakun shekara.